Na haura arba'in, me zan fara koya don in riƙe kaina?

Maman_Sadiya
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na jima ina karanta hirarku, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba sai yau. Shekarata 46, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Maigidana ya rasu bara da kaka, na fita takaba gab da bazara. 'Ya'yanmu shida, biyu suna ɗakunansu, huɗu suna gabana. Firamare kaɗai na gama aka yi mini aure, da ita nake lallaɓa wannan rubutun.

Abin da ke hana ni barci shi ne, shekara 30 ina gidan nan ban taɓa sanin nawa ake sayar da buhun wake ba. Malam ne ke kai amfani Gujungu ran Lahadi, ya dawo mana da cefane. Da ya rasu mutum uku suka yi sallama suka ce suna binsa bashi, na biya. Amma ko mutum ɗaya bai zo ya ce ga abin marigayi a hannunsa ba, alhali na san yana ba da rance. Na ba wani cikin dangi buhu biyu ya sayar mini, abin da ya miƙo na karɓa hannu bibbiyu har da godiya. Sai bayan sati maƙwabciyata ta ji, ta ce ai wannan kuɗin buhu ɗaya da rabi ne.

Wata ta ce in koyi ɗinki, wata ta ce kiwo, wata kuma ta ce in zauna kawai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don Allah ku gaya mini gaskiya, na makara ne? In ban makara ba, ta ina zan fara?

Hajiya_MaiƘuli
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Malam, Ya raya abin da ya bari. Ƙanwata, wadda ta ce miki kin makara ba ta taɓa kwana da yara huɗu babu tsaba a gida ba. Ni ina da 43 na fara ƙuli-ƙuli na sayarwa, yau shekara 12 ke nan, kuma da shi na yi wa 'yan mata biyu kayan ɗaki. Amma kafin mu yi nisa, me kika iya tun da? Ban yarda akwai macen karkara da za ta kai shekarunki hannunta bai iya komai ba. Daddawa? Man gyaɗa? Fura? Saƙar faifai?

Ummi_Gezawa
Ɗinki, Anti. Keke ba ya cin dusa, ba ya ciwo, ba ya mutuwa.

Tela_Mace
@Ummi_Gezawa ni tela ce shekara 20, kuma ba zan ba ta wannan shawarar ido rufe ba. Ta fara ƙirga teloli nawa ne a garinsu. A ƙauyenmu mu biyar ne, aiki kuwa sai ƙaramar sallah da babba, sai bukukuwan bayan kaka. Sauran watanni keke na rufe da zane. Ga kuɗin keken, ga wata shida ko fiye tana koyo ba ko sisi na shigowa, yaran nan huɗu kuma ba za su jira ba.

Sannan akwai maganar ido. Yawancinmu da mun wuce 40 zura zare a allura sai ya fara gagara. Ba cuta ba ce, girma ne, tabarau na karatu ke gyara shi. Na san mata da yawa da suka bar ɗinkin hula suna cewa idonsu ya mutu, alhali da an gwada su a asibitin ido da tuni sun koma aikinsu.

Malama_AjinManya
Maman Sadiya, sannu da haƙuri. Ina koyar da ajin matan aure a ƙasar Dambatta, kuma labarinki na sha jin irinsa daga bakuna daban-daban. Ki sake duba abin da kika rubuta. Ba rashin sana'a ne ya cuce ki ba. Wake kina da shi har buhu biyu. Abin da ya cuce ki rashin sanin farashi ne da rashin rubutu a kan bashi.

Don haka ni a ganina lissafi ne farko. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ki raba shi uku: abin da kika saya, abin da kika sayar, sai waɗanda kike bi da masu binki, kowa da ranarsa. Ko kwano ɗaya na gero kika ba maƙwabciya aro, ki rubuta. Wannan ba boko ne ya kawo shi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Akwai wata ɗalibata, ta kusa 50, shekara da shekaru tana awara. Kullum gari ya waye tana kan wuta, kullum kuma jari na ƙarewa ta sake ranto. Muka zauna da ita muka lissafa waken suya, markaɗe, mai, icce, yaji da leda. Ashe icce da wanda yara ke ɗauka su ci ba ta taɓa sa su a lissafi ba, uwar kuɗin take ci tana zaton riba ce. Ran da ta ga abin a rubuce sai da ta yi hawaye. Yanzu gwangwani biyu take ajiyewa, na jari daban, na riba daban, kuma na jarin ko baƙo aka yi ba ta taɓa shi.

Ke kuma kin fi da yawansu sa'a tunda kina karatu. Waɗanda ba su iya ba, azuzuwan yaƙi da jahilci suna nan. Hukumar ilimin manya ta Kano tun 1980 aka kafa ta, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jigawa ma tana da tata. A tambaya a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Hajiya_MaiƘuli
Malama ta faɗi gaskiya. Ni ban yi boko ba, da tsinken ashana da zane a bango nake nawa lissafin, amma ban taɓa haɗa kuɗin gyaɗa da na cefane a ƙulli ɗaya ba.

Ɗan_Gujungu
Salamu alaikum iyayenmu. Ku gafarce ni na shigo maganar mata, ni ɗan awo ne a kasuwar da Inna ta ambata. Inna, abin da aka yi miki ba ke kaɗai aka yi wa ba, kuma maganinsa na cikin wayar da ke hannunki. Kafin ki fitar da ko kwano ɗaya, ki kira mutum biyu da ba su san juna ba ki tambayi yadda kasuwa ta ci a satin. In kina da wani a Dawanau ki ji na can ma. Ki san la'adar dillali da kuɗin mota tun kafin kaya su bar gida, ki kuma auna buhunki da kwanonki a gaban wanda za ki aika.

Na biyu, da kaka kowa ke sayarwa, shi ya sa kaya ke arha. Mai iya riƙewa zuwa bazara ya fi samu. Matsalar wake ƙwari ne, amma akwai buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. Ki shanya waken ya bushe ƙarau, ki zuba, ki matse iska, ki ɗaure kowace leda ita kaɗai. Ƙwarin za su mutu don rashin iska, ba sai kin sa ƙwayar magani a ɗakin da yara ke kwana ba. A dai ɗora shi a kan katako, a kiyaye ɓera.

Baba_Kura
@Ɗan_Gujungu yaro, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ba kowace shekara ajiya ke ba da riba ba. Waɗanda suka tara masara a kakar 2024, da yawansu da asara suka fita da farashi ya karye a 2025. Mai marayu huɗu ba ta caca da abincin gida. Ta fara ware na ci har zuwa wata kakar, rarar ita ce ta ajiya.

Ɗan_Gujungu
Na karɓi gyara, Baba. Haka ne.

Maman_Sadiya
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Hajiya, tambayarki ta sa na yi shiru. Na iya daddawa, wajen kakata na koya, har daga maƙwabta ake aikowa a ce in sam musu. Ban taɓa ɗaukarta sana'a ba, kyauta nake bayarwa. Man gyaɗa ma ina yi na gida. Malama, na aiki Sadiya ta sayo littafin. Na rubuta shafin farko, hannuna har rawa yake.

Abu_Huzaifa
Tare da girmamawa ga kowa, ni ina ganin ana nema a ɗora wa baiwar Allah nauyin da ba nata ba. Ciyar da marayu yana kan dangin mahaifinsu, ita kuma tana da manyan 'ya'ya da surukai. In ta samu mijin kirki ta yi aure. Shiga kasuwa a cakuɗa da maza ba mutuncin dattijuwa ba ne.

Zawara_Hadeja
Malam Abu Huzaifa, dangin uban da kake magana, ba cikinsu ne aka samu wanda ya cinye mata rabin buhu ba? Ni shekara tara da mutuwar aurena. Na jira dangi wata takwas, abin da na gani kwano biyu na dawa ne da sallah. Su ma ba mugunta ba ce, kowa ta kansa yake yi, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Aure kuwa na samu manema, amma duk wanda ya zo sai ya ce in mayar da yara gidan ubansu. Yanzu kifi nake banda, ina aikawa Kano, ƙafata ba ta taka kasuwa sai sau ɗaya a wata.

Malama_Islamiyya
Malam, maganarka ta wajibin dangi gaskiya ce, kuma ya kamata a riƙa tuna musu a masallatai. Sai dai hakkin da ke kansu bai hana ta neman halal ba. Uwar muminai Zainab 'yar Jahshi tana jimar fata da hannunta, ta sayar, ta yi sadaka. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta tsara 'yan taru, ƙungiyar karatun mata, ba 'yan mata ta naɗa jaji, wato jagora, ba. Dattijai ta zaɓa, ta ɗora musu malfa, su ne ke jagorantar matan ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu su koma su koyar. Shekarun da ake cewa Maman Sadiya ta makara, su ne shekarun da mace ke samun sarari, goyo ya ragu, maganarta ta fara nauyi a gari.

Abu_Huzaifa
Ban haramta sana'a ba, Malama. In a cikin gida ne kamar daddawar da ta ambata, babu abin cewa. Tsorona fita ce ba tare da larura ba. Allah Ya sa mu dace.

Goggon_Yara
Ku bar jayayya mu koma kan abin da zai sa tukunya a wuta. 'Yar nan, tunda kuna noma wake to kina da harawa, kuma mai harawa da dusa ta riga ta yi rabin kiwo. Kada ki sayar da ita da arha a gona. Ni da akuya ɗaya na fara ina da shekara 48, jar akuya, na aika aka sayo mini a Maigatari ran Alhamis. Wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye take zubawa. Yau turkena bakwai, ban da waɗanda na sayar na biya wa autana kuɗin jarrabawa. Zamanin Gwamna Badaru ma an raba wa mata awaki uku-uku a Jigawa, waɗanda suka kula da nasu a garinmu har yanzu suna cin moriya.

Akuya ita ce asusun mace. Ranar da ciwo ya faɗo da dare, da safe ta zama kuɗi.

Uwar_Biyu
Goggo, kiwo na da daɗi in ba a yi asara ba. Ni kaji 23 na tara, hunturu ɗaya ya share su cikin sati. Tun daga nan na sare.

Mai_Ɗigon_Kaji
@Uwar_Biyu wannan annobar ta hunturu tana da rigakafi, kuma ni da ita nake ci yanzu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin maganin, ɗigo ɗaya ne a idon kaza, ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu. Lafiyayyu ake yi wa, kafin ciwon ya shigo gari. Wadda ta riga ta kamu ba ya warkar da ita. Malamin dabbobi na yankinmu ne ya koya mini ina da shekara 44. Yanzu gida-gida nake bi, ana biyana a kan kowace kaza. Gidajen da namiji ba zai shiga ba ni ina shiga har ƙuryar ɗaki, shi ya sa aikin ya fi dacewa da mace mai shekaru.

Nas_Karaye
Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma shi ya fi ci mini rai: waya da asusun banki. Ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, yadda mata suka fito da tsofaffin takardu daga ƙarƙashin katifa suna neman wanda zai kai musu banki. Wasu a hannun 'yan aike kuɗinsu ya narke. Yayar mahaifiyata tana da asusu, amma katin yana wajen ɗanta, lambar sirrin ma shi ya zaɓa. Shekara biyu 'yarta na turo mata kuɗi daga Kaduna, abin da ya ga dama yake kawo mata. Na zauna da ita yamma uku kacal, ta iya duba saƙon shigar kuɗi, ta iya danna lambarta da kanta a wajen mai POS. Shekararta 57.

Anti Maman Sadiya, ki buɗe asusu da sunanki, da layin da ke hannunki. Lambar sirri ko Sadiya kada ta sani. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ki karanto masa BVN ko lambar da aka turo miki, ɓarawo ne, ki kashe wayar.

Ummi_Gezawa
Wallahi haka aka yi wa kishiyar mamata, kuɗin adashinta gaba ɗaya.

Hajiya_MaiƘuli
Tunda an ambaci adashi: ki shiga, amma ƙarami, wanda ko kasuwa ba ta yi ba za ki iya zubi. Ki kuma san uwar adashin tun asali. Kwasarki ta farko kalwa za ki saya da ita lokacin da take arha, ba atamfa ba.

Malama_AjinManya
Roƙo ɗaya nake da shi, ƙanwata. In kin fara daddawar, kada ta zama dalilin cire Sadiya daga aji a ɗora mata talla. Mu da muke zaune da mata 'yan 40 da 50 suna koyon haɗa baƙi, mun san inda abin ya faro. Daddawa ba ta lalacewa da wuri, ana iya sarar wa masu kayan miya a kasuwa, ko a sayar a gida.

Uwar_Biyu
Malama, faɗa da sauƙi. Wadda ke cikin kulle kuma ba ta da mai fitar mata da kaya fa? Ni ba don tallar 'yata ba da ba mu ci ba. Tana zuwa makaranta da safe, ta ɗauka da la'asar, kafin magariba tana gida.

Malama_AjinManya
Ban zarge ki ba, 'yar uwa, na san halin da ake ciki. Ita dai tana da zaɓin da ke ba ki da shi, shi ya sa na faɗa mata tun yanzu.

Baba_Kura
Tambaya ɗaya, 'yata. An raba gado? In ba a raba ba, duk wannan shawarar gini ne a kan filin da ba a shata ba. Matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumunin takaba, ɗaya bisa takwas, yara kuma kowa da rabonsa, namiji biyun mace. A kira malamin da ya san rabon gado, a zaga gonaki da dagaci ko mai unguwa, a nuna iyaka, a rubuta, kowa ya sa hannu. Na ga gonakin marayu da yawa da aka karɓa da sunan riƙo, yaran suka girma aka ce musu ai ba a san zancen ba.

Maman_Sadiya
Baba, ba a raba ba. Yayan Malam ya ce a bari sai yara sun girma, ni kuma kunya ta hana ni magana. Gonar fadama ma shi ke nomawa tun bayan ambaliyar 2022 da ta cinye mana rumbu, Malam ya ba shi aro.

Ga abin da ya faru jiya. Na je Gujungu da ƙanwar Malam, karo na farko a rayuwata. Ban sayar da komai ba, na dai tambayi kuɗin wake da na kalwa a wuri uku na rubuta. Da na dawo na buɗe jakar littattafansa ina neman takardar gona, sai na tarar da wata takarda a naɗe cikin littafin addu'o'insa. Sunaye ne da ajami, kowane da lamba a gabansa, guda tara. Na iya karatun allo amma rubutun hannunsa ya gagare ni, suna biyu kaɗai na gane. Ɗaya daga cikinsu yana cikin mutum ukun da suka ce suna binsa.

Zawara_Hadeja
Inna lillahi. Kada ki nuna wa kowa cikin dangi tukuna. Ki ɗauki hotonta da waya yau ɗin nan.

Malama_Islamiyya
A yi hattara da zato. Mai yiwuwa jerin masu binsa ne ba waɗanda yake bi ba, ko kuma a haɗe suke. Ki kai wa limamin garinku ya karanta a gaban babban ɗanki da wani dattijo guda, a ji abin da ke rubuce kafin a ambaci sunan kowa. In ta tabbata bashi ne ake binsu, dukiyar magada ce, liman da mai unguwa su ne za su yi magana, ba ke ba.

Abu_Huzaifa
A nan ina tare da Malama. Kuma maganar jinkirta gado, Baba ya yi gaskiya, ba daidai ba ne. A je wa yayan marigayin da mutunci, amma a je.

Goggon_Yara
Duk ku yi naku, ni dai harawar nan kada a sayar.

Tela_Mace
Maman Sadiya, rubutun ne bai fito ba ko idon ne? In kina nisanta takarda da fuskarki kafin ki gani, a gwada miki tabarau kafin ki ce ajamin ya gagare ki.

Maman_Sadiya
Ina nisantawa kam, har wayar ma. Liman ya ce in zo Alhamis bayan la'asar, ɗana zai taso daga Kano. @Ɗan_Gujungu, saura buhu ɗaya da kwano shida na wake a ɗaki, na ga ƙwari sun fara huda shi. Wanda ya riga ya fara huji, in na sa shi a buhun nan zai tsaya, ko in fitar da shi ran Lahadi?

Ɗan_Gujungu
Zai tsaya a inda ya kai, Inna, in dai ledar ba ta da ƙofa ko kaɗan. Ki hura ta da iska ki gwada kafin ki zuba. Ki sake shanya waken, ki sheƙe, ki tsince masu hujin ku ci a gida. Kwano shidan kuma ki zo da su da kanki ran Lahadi, ki tsaya a auna a gabanki.